Malam Muttaka da Fumfunar Totuwa

Shekara goma sha tara muka yi muna maƙwabtaka da Malam Muttaka a Wudil, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, amma sai a shekaru huɗu na ƙarshe na san ainihin aikin da yake yi. Kafin nan abin da na sani bai wuce wanda kowa ya sani a unguwa ba. Yana aiki a jami'a, yana fita kan kekensa bayan ya karya kumallo, ya dawo gab da la'asar da farar riga a naɗe a bayan keken. Saboda rigar nan wasu na ce masa likita, har akan tare shi a hanya a tambaye shi maganin shawara. Sai ya yi murmushi ya ce shi ba likita ba ne, mai wankin kwalabe ne.

Haifaffen Kausani ne. Mahaifinsa manomin dawa ne, kuma cikin 'ya'yansa maza biyar Muttaka kaɗai aka sa a boko, ba don an fi son sa ba, sai don shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, ba ya iya wuni a kan kunya kamar sauran. Ya taɓa gaya mini cewa da damina, idan kowa ya tafi gona, shi da kaji ake bari a gida. Da ya gama sakandare ya je Kano ya koyi aikin ɗakin gwaje-gwaje, ya yi shekaru a wata makarantar kwana yana shirya wa ɗalibai kayan gwaji. Da aka buɗe jami'a a Wudil ya nemi aiki ya samu, ya dawo kusa da gida.

Aikin nasa ba mai fito da suna ba ne. Shi ke wanke farantan gilashi, ya turara su a tukunyar matsi don kada wata ƙwayar cuta ta saura, ya dafa abincin da ake renon fumfuna a kai: ruwan dankalin turawa da sukari da wani farin gari mai sa su daskare kamar kunun da ya kwana. Ɗalibai su shigo ɗari da wani abu, su yi hayaniyarsu su fita, ya bi baya yana kwashewa. Baba kawai suke ce masa. Da wuya a samu goma cikinsu da suka san sunansa.

Matarsa Hansai mace ce mai son hira da dariya, muryarta har gidana nake ji. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Juwairiyya, aka aurar da ita Gusau. Shekara guda da bikin Juwairiyya, Hansai ta kwanta ciwo, kwana tara ta rasu. Daga nan gidan ya yi tsit. An yi masa maganar aure har an gaji, ya ce a'a. Iyalina kan aika masa da tuwo jefi-jefi, kwanon ya dawo a wanke tas, har da murfi a goge. Bayan la'asar yakan zo majalisarmu ta gindin dalbejiya, ya zauna a gefen tabarma. In an yi dariya ya yi, in an tambaye shi ya amsa, shi ke nan.

Abin da ya faru tsakaninsa da Dakta Godiya daga bakinsa na ji, kuma na ji shi ya fi sau goma.

A shekarar 2014 ta zo sashensu. 'Yar Billiri ce ta jihar Gombe, ta yi karatun digirin ƙarshe a Jamus a kan yadda fumfuna ke girma. Mijinta Joshua da 'ya'yanta suna Jos, sai bayan mako biyu take zuwa ganinsu. A satinta na biyu ta shigo ta same shi a gaban famfo yana wanki. Ta gaishe shi da Hausarta ta mutanen Gombe, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam Muttaka, akwai wata fumfuna da nake nema, mai launin ruwan lemo. Tana son abin da wuta ta taɓa. Ko ka taɓa ganinta a garin nan?"

Ya ce mini ya yi shekaru ba a kira shi da sunansa a ɗakin nan ba. Ya tsane hannu ya ce, "Dakta, ai tana nan jibge wajen masu gasa masara a bakin tasha. Duk totuwar da aka yar ta kwana biyu cikin lema, za ki gan ta a kai."

Washegari ya kawo mata totuwa uku a leda. Ta yi murna ƙwarai, ta ce ya ja kujera, ta buɗe kwamfutarta ta nuna masa wani bidiyo da ta ɗauka da kanta a can Jamus. Baƙin fili ne, sai wani dogon abu kamar yatsa a kwance, cikinsa wasu ɗigo-ɗigo kore masu haske suna gudu, wasu na yin gaba, wasu na dawowa.

"Mene ne wannan?" in ji shi.

Ta yi masa bayani, shi kuma daga baya ya yi mini, ga yadda na riƙe. Fumfuna zaruruwa ce sirara. Zaren ba ya girma ta ko'ina, ta tsininsa kawai yake ƙaruwa. Amma kayan da ake gina sabon bango da su ba a tsinin ake haɗa su ba, can baya ake haɗa su, a ƙunsa cikin 'yan jakunkuna. To dole a kai su gaba. A cikin zaren akwai wasu hanyoyi sirara a miƙe, akwai kuma wasu furotin masu ƙafa biyu da ke takawa a kansu ɗauke da jakunkunan. Wanda ke kai kaya wajen tsini sunansa kainesin, wanda ke dawowa da kaya baya dainin, akwai kuma mayosin da ke ƙarasa aikin a daf da tsinin. Idan suka tsaya, ko hanyar ta lalace, zaren ya tsumbure, ya karkace, ya kasa yin nisa.

Malam Muttaka ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Dakta, wato masu dako ne."

"Masu dako ne," in ji ta.

"Takawa suke yi da gaske, ko dai misali ne irin na malamai?"

"Takawa suke yi. Ƙafa ɗaya ta wuce ɗaya. Kowane taku kuma sai sun ƙona ɗan makamashin da fumfunar ta samu daga sukarin da kake dafa mata."

Ya ce a ranar ya tuna ya fi shekara talatin yana goge fumfuna daga faranti yana zubarwa, bai taɓa tunanin akwai masu kai-kawo a ciki ba. Ya roƙe ta ta sake kunna bidiyon. Sau biyar suka kalla.

Na'urar da ke nuna waɗannan ɗigon tsada gare ta, ba kowace jami'a ke da ita ba. Sai suka yi abin da za su iya. Ta sa aka lanƙwasa musu dogayen bututan gilashi, kowanne kamar kamu ɗaya, a zuba abincin fumfuna a ciki ya kwanta, a ɗiga fumfunar a baki ɗaya, ita kuma ta kama tafiya zuwa ɗaya bakin. A wasu bututan sukan sa ɗan maganin da ke wargaza hanyoyin cikin zaren, dangin wanda manoma ke cuɗa iri da shi. Aikin Malam Muttaka shi ne ya ja layi da alƙalami a inda gaban fumfunar ya kai, ƙarfe takwas na safe da ƙarfe biyu na rana, ya auna da rula ya rubuta. Wadda ba a sa wa magani ba takan ci tsawon yatsa ko fiye a kwana guda. Wadda aka sa wa sai ta yi ta ɗingishi. Shekara biyar yana wannan, har Asabar da Lahadi. Littafi bakwai ya cika.

A shekarun nan mun ga canji gare shi, sai dai ba mu san dalili ba. Ya sayi sabuwar hula, yana fita da wuri. Ashe ya samu abokin magana ne. Da rana in ɗalibai sun watse sukan zauna, ita da kular shinkafarta, shi da ƙosansa, su yi ta musu a kan me ya sa bututu na huɗu ya ja baya. Ranar Juma'a ita ke ja masa layin ƙarfe biyu don ya tafi masallaci. Lahadin da ba ta je Jos ba, ta tafi coci hankali kwance, ta san an ja na safe.

Ya taɓa ƙoƙarin kai labarin gida. Wata kaka ya je Kausani ya tarar burtuntuna ta ɓata wa yayansa Yahuza dawa, zangarniya ta koma baƙin gari. Ya zauna ya fara gaya masa cewa ita ma burtuntuna fumfuna ce, da zare take ratsa shuka, kuma a cikin zaren akwai masu dako. Yahuza ya saurare shi da haƙuri har ya kai aya, sannan ya ce, "To, Muttaka, baɗi me zan yi?"

"Ka cuɗa irin da magani kafin shuka."

"Ai wannan malamin gona ya faɗa mana tun bara waccan."

Malam Muttaka ya ce mini bai ƙara ɗaga maganar a Kausani ba.

A 2019 Dakta Godiya ta samu gurbin bincike a inda ta yi karatu, aka ce ta taho da iyalinta. Wa zai ce mata kada ta je? Ranar da za ta tafi ta kawo masa wani akwatin katako. Madubin ƙara girma ne tsoho, nata na kanta tun tana ɗaliba, irin wanda ba ya buƙatar lantarki, hasken rana ake tarowa da ɗan madubi a ƙasansa. Ta tura masa bidiyon nan a wayarsa. Ta ce, "Baba, ka riƙe mini fumfunarmu da rai. In Allah ya yarda zan nema maka hanya ka zo ka gansu da idonka."

Ya ce, "Allah ya kai ki lafiya, Dakta. A gaida Malam Joshua da yara."

Da farko kowane mako sai ta kira. Daga baya ya koma saƙo a wata, daga baya sai da Sallah da Kirsimeti. Bai taɓa zarginta ba. Yakan ce aiki ne ya yi mata yawa, ga yara, ga sanyin ƙasar. Shi dai duk bayan mako biyu yana ɗebo fumfunar da ɗan ƙarfen da ya gasa a wuta, ya mayar da ita sabon abinci. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke tambaya.

Da cutar korona ta zo aka rufe makarantu, ya nemi izini ya kwaso kwalaben fumfunar ya kawo gida. Lokacin zafi ne, sai ya sayo tukwane biyu wajen masu ginin tukunya, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya jera kwalaben a ciki.

Wata rana da hantsi ina zaune a tsakar gida sai na ji muryarsa ta kan katanga.

"Malam Lawan, kana ciki?"

"Ina nan, Malam. Lafiya?"

"Lafiya lau. In ba ka komai, zo ka ara mini idonka."

Rabona da shiga cikin gidan tun zaman makokin Hansai. An share ko'ina fes. Igiyar shanya babu komai sai tawul ɗaya. Ya kifa turmi a tsakar gida, ya ɗora madubin a kai, yana juya ɗan madubin ƙasan yana neman rana. Bayan mun gaisa ya ce in zauna a kujera 'yar tsugunno in sa ido ɗaya.

Da farko gashin idona kawai nake gani. Na ce masa ni fa malamin firamare ne, lissafi da Hausa na koyar har na yi ritaya. Ya ce in yi haƙuri in murɗa ƙaramin maɓallin a hankali. Sai ga su sun fito, zaruruwa farare kamar saiwar albasa, sun yi rassa.

"Nemi ɗaya da bakinsa ke fili, ba abin da ya tare shi."

"Na samu."

"Akwai wani ɗan datti a gabansa? Ko ɗigo?"

"Akwai wani baƙi-baƙi."

"To kafa masa ido. Kada ka yi magana."

Na kafa masa ido. Ban san ko minti nawa ba ne. Tazarar da ke tsakanin tsinin da ɗigon ta yi ta raguwa, ta yi ta raguwa, har ya taɓa shi ya wuce. A cikin zaren kuma wani abu na kwarara kamar ruwa a lambatu. Na ce, "Ikon Allah! Malam, tafiya yake yi!"

Ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita. A ranar ya ba ni labarin masu dakon tun daga farko, ya nuna mini bidiyon a waya. Na ce to su ne na gani suna kwarara? Ya ce a'a, wannan ruwan cikin zaren ne. Su ba a ganinsu da irin wannan madubi.

"Kai ka taɓa ganinsu?"

"Sai a nan," ya ɗaga wayar. "Aikinsu dai nake gani. A da nake gani, zan ce."

Sai a lokacin na lura da idanunsa. Tsakiyarsu ta yi fari-fari. Yanar ido ce ta fara rufe su, na dama ya fi. Ya ce wata shida ke nan in ya leƙa madubin hazo kawai yake gani. Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba, bai gaya wa Juwairiyya ba, kuma yana tsoron a taɓa masa ido da wuƙa. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Wankin gilashi da dafa abincin fumfuna hannunsa ya haddace, ba ya buƙatar ido sosai.

Daga ranar na zama idonsa. Sau biyu a mako nakan shiga da hantsi in leƙa in faɗa masa abin da na gani: tsinin a miƙe yake ko ya lanƙwashe, rassa sun yi yawa ko kaɗan. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ba zan ce na zama abokin maganarsa kamar Dakta ba. In ya tambaye ni me nake jin ya jawo kaza, in ce ban sani ba. Sai ya amsa wa kansa, ya kuma musa wa kansa, ni ina zaune.

Shekara ta zagayo sai ga saƙo daga Dakta Godiya. An buga sakamakon aikin bututan a wata mujallar masana, ta sa sunansa na biyu bayan nata. Ya je shagon masu kwamfuta aka fitar masa a takarda, shafi tara. Da la'asar ya zo da ita majalisa cikin leda, ya miƙa mini ya ce in nuna wa jama'a inda sunan yake. Aka yi ta masha Allah, takarda ta zaga hannu-hannu. Wani ya tambaya ko za a ƙara masa girma, ya ce ba ya jin haka. Wani ya ce to me aka gano? Ya gyara zama ya fara, bai kai ga kainesin ba wata motar shanu ta wuce za ta kara, kasuwar shanu, hira ta koma kan yadda kasuwar Juma'ar da ta wuce ta kaya. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Ya karɓi takardarsa ya mayar cikin leda.

A hanyarmu ta zuwa sallar magariba ya ce mini, "Da Hansai na nan, da ta sa na karanta mata shi kaf. Ba za ta gane ko kalma ɗaya ba, amma sai ta tsayar da ni ta ce in maimaita."

A 2024 ya yi ritaya. Ya miƙa littattafan nan bakwai da kwalaben wurin aiki ga wani malami, Dakta Jamil, mutum mai ladabi, wanda ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, amma ya faɗa masa gaskiya cewa shi bincikensa a kan ruwan sha ne. Malam Muttaka ya bar kwalba biyu a gida. Zuwa lokacin ya daina hawa keke, da sanda yake zuwa masallaci. Rannan ya yi tuntuɓe a bakin kwata ya fasa goshi, ni kuma na karya alkawari na kira Juwairiyya. Kwana biyu sai ga ta da mijinta a mota.

"Baba, shekara nawa kana ɓoye mini?" Tana faɗa tana kuka.

"Ban so in ɗaga miki hankali ba, uwata."

"To yanzu ya kwanta ke nan?"

Bai yi mini fushi ba, ko in ya yi bai nuna ba. Kafin su tafi ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake sauya wa fumfunar abinci, ya kama hannuna da nasa yana nuna mini yadda zan gasa ƙarfen, yadda zan karkata bakin kwalbar, in riƙe numfashi. Ya ce wata ɗaya zai yi a dawo da shi.

Sauyin farko na yi daidai. A na biyu ban san inda na kuskure ba. Bayan kwana huɗu wata koriyar fumfuna ta bayyana a kwalba ɗaya, kafin mako ta mamaye duka biyun. Na je jami'a wajen Dakta Jamil ko nasa na nan, ya ba ni haƙuri ya ce sun bushe tun lokacin hutu. Na kwana uku ina juya yadda zan faɗa, sannan na kira.

Na faɗa masa yadda aka yi. Can ya ce, "Shekara goma ke nan da ita." Sannan ya ce, "Malam Lawan, kada ka zubar haka nan. Ka sa kwalaben a tukunya ka tafasa su sosai, rabin awa, sannan ka wanke. Kada ka buɗe su a cikin ɗaki."

Na ce na ji. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, shi ma ya sha yin haka yana sabon hannu.

An yi masa aikin ido a Gusau. Na hagu ya buɗe sarai, na dama bai yi ba. Juwairiyya ta ce ba zai koma zaman kaɗaici ba, ta gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Mijinta ya zo ya kwashe kayan, har da akwatin madubin, aka ba wani direba mai suna Bilya hayar gidan. Yanzu ta kan katangar kukan jariri nake ji da rediyo.

Mukan yi waya duk Juma'a bayan an sauko. Yakan tambayi ruwa, ko ya sauka a Kausani da Darki, ko kogi ya kawo, wa ya rasu, wa ya aurar. Ya ce mutanen Gusau na da kirki, sai dai bai san kowa ba, kuma in ya yi magana sai a ce Bakano ne. Na tambaye shi ko yana leƙa madubin tunda ido ya samu. Ya ce yana cikin akwati a ƙarƙashin gado, jikoki na da ƙiriniya. Ya ce zai zo da Babbar Sallah, bai zo ba. Juwairiyya ta gaya wa iyalina cewa in ba masallaci ba ba ya fita, yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon masu wucewa. Na yi niyyar in je in gan shi bayan an gama girbi, in ƙafata ta bar ni.